Jar Motar da Muka Baro Rufinta a Kano

Ba a cuce mu ba. Da wannan zan fara, don shi ne abin da duk Maraɗi ta ɗauka. Masu cewa Baturen Ingila ya sayar mana da rabin mota ba su san komai ba. Masu cewa faɗuwa muka yi a hanyar Katsina rufin ya tsinke, su ma haka. Akwai wata a Sabon Gari da ke rantsuwa wai ƴan duwan, masu binciken kaya a bakin iyaka, su ne suka cire shi a Ɗan Isa. Ita ban ma san inda ta jiyo nata ba. Motar tana da rufi, baƙi, mai kyau, na taɓa shi da hannuna. Mu muka baro shi a Kano, da rana tsaka, ba wanda ya tilasta mana. Dalilin kuwa, ni da nake tsaye a wurin, har yau ban gama gane shi ba.

Rabi da Balki, kun aiko daga Yamai kuna tambaya. Matan unguwa sun hana ni zuwa famfo da tambaya. Na gaji da maimaitawa. Zan rubuta sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa na gaba.

Kun san da muka gama kolej an ba ni ajin ƴan mata da za a buɗe a Jiratawa bayan damina. Baba bai ce a'a ba. Cewa ya yi ɗiyarsa ba ta kwana a wani gari, ko da garin ana hango shi daga kan soro. In je da safe, in dawo kafin magariba. Na ce keke. Ya dube ni kamar na ce zan hau raƙumi tsirara. Mai duba lakwal, wato makarantun boko, kuma ya faɗa mini a fili: in ranar buɗewa ta zo ba ni da tabbacin zuwa, zai ba wata ajin.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Alhaji Sule, mai masaukin Baba a Fagge ta Kano, wai wani Baturen reluwe zai koma ƙasarsu, yana da mota ja, kusan sabuwa, kuma da araha. Baba ya daɗe yana son mota. Ba don tafiya ba, don yana son ya zauna a baya kamar kumandan, Baturen mulki, a buɗe masa ƙofa a bakin kasuwa. Nan take aka tsara: a ɗauki direba, da safe ya kai ni Jiratawa ina zaune a baya, ya dawo ya yi yinin Baba, da yamma ya ɗauko ni. Ba wanda ya tambayi ko wace irin mota ce. Ni ma ban tambaya ba.

Mu uku aka tura. Yaya Ila, don shi ke tuƙa kamyo, babbar motar gyaɗar Baba. Ni, don in yi magana da ƴan duwan da Faransanci, kuma don na ce sai na je. Sai Kawu Nomau na Tibiri, yayan Inna, don Baba ya ce ba a tura yara sayen babban abu. Kawu dillalin dawaki ne tun kafin a haife ni, kuma an ce ba a taɓa sayar masa da gurgun doki ba. Ƙaramar mota kuwa bai taɓa shiga ba.

Muka bi kamyon fatu na wani abokin Yaya Ila. Warin fatun nan bai bar kallabina ba har Kano. Kawu ya riƙe wata jaka a cinyarsa, na leƙa na ga sabuwar igiya a ciki.

Na ce, “Kawu, igiyar mi ce?”

Ya ce, “Mai saye shi ke zuwa da igiyarsa.”

“Mota za mu saya.”

“Na ji, Habsu. Ba kurma ba ne ni.”

Na bar maganar. Da na san inda za ta kai da ban bar ta ba.

A Ɗan Isa shugaban duwan wani mutumin Dahomai ne mai tabarau. Da ya ji na yi masa Faransanci sai ya miƙe tsaye, ya kira ni madmazel, ya sa aka kawo mini kujera, su Kawu suna tsugune a rana. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗin bai kai ko'ina ba. Muna isa Jibiya, inda mulkin Ingila ya fara, ƴan sandansu suka tare mu, manya da gemu amma da gajeren wando kamar ƴan lakwal. Na gyara murya na fara Faransanci, ɗayansu ya ce, “Ƴar nan, yi Hausa mana, kowa ya huta.” Shekarun da na yi ina karatu, a nan suka tsaya, ba su ƙetare iyaka ba.

Kuma daga nan direba ya karkata ya koma hannun hagu. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, na daki kafaɗarsa. Yaya Ila ya ce a ƙasar Ingila haka ake tafiya.

Na ce, “To wa ya faɗa wa motar da ke tahowa daga can?”

Ya ce, “Ta sani.”

“A daidai ina ake sauyawa?”

“Wajen tsamiyar nan.”

Babu alama, babu rubutu. Tsamiya kawai. Mai furar da ke zaune a gindinta kuwa ƴar Jiratawa ce da ta yi aure a can, gero ɗaya, nono ɗaya, ludayi ɗaya. Kuɗin ne kawai ta ce ba ta karɓar takardarmu, sai kwabo mai huda.

A Katsina muka kwana, don su in an yi ruwa sai su gitta ƙarfe a hanya su hana manyan motoci wucewa har ƙasa ta sha iska. A wajenmu sai dai kowa ya shiga ya kafe, a taru a tura. Ban san wanne ya fi ba.

Gidan Alhaji Sule a Fagge cike yake da baƙi, ƴan Agadas, ƴan Damagaram, kowa da buhunansa. Ni aka kai ni ɗakin matarsa, Hajiya Yalwa, mace mai dariya da dukkan jikinta. Ina buɗe baki na ce “mi” maimakon “me” ta kira maƙwabta su zo su ji ƴar Faransa. Suka tambaye ni ko gaskiya ne muna cin kwaɗi tare da Nasaranmu. Na ce ni dai ban taɓa gani ba. Suka ce ai ba zan faɗa ba. Burodinsu guntu ne mai kusurwa huɗu, da zaƙi kamar alkaki, ba dogo mai ɓawo irin namu ba. Shayi kuwa sai sun cika shi da madara har ya zama fari. Tuwon shinkafarta dai ba ni da abin cewa, na ci har na ji kunya.

Da safe na tare Alhaji Sule a zaure na ce, “Alhaji, motar mutum nawa take ɗauka?”

Ya ce, “Ai motar manya ce.”

“Ka gan ta?”

Ya gyara hula. Ashe bai gan ta ba. Wani dillalin kekuna ne ya faɗa masa, shi kuma ƙanen matarsa ne ya faɗa masa, shi kuma ya ji daga kukun Baturen. Daga Kano har Maraɗi, mutum ɗaya ne ya taɓa ganin motar nan, shi ma mai dafa abinci.

Gidan Baturen yana can unguwarsu, inda gidaje ba su da katanga, sai furanni. Ya fito, dogo, ramamme, idanunsa sun yi rawaya saboda ciwon da zai mayar da shi gida. Hausarsa a hankali take fita, kowace kalma da wankanta. Ya gaida Kawu da gajiya, da iyali, da damina, da dawaki, har Kawu ya raɗa mini cewa wannan yana da tarbiyya. Sannan ya kai mu bayan gida ya yaye wani zane.

Ja ce, kamar barkono. Doguwar gaba, gajeren baya, kuma a ƙasa take ƙwarai, rufinta bai kai ƙirjina ba. Na zagaya ina neman ƙofar baya. Na sake zagayawa. Na leƙa ciki: kujeru biyu na fata, manne da juna. Bayansu babu komai.

Na ce, “Ina mazaunin baya?”

Ya ce, “Babu. Ni da matata kaɗai.”

“Ba ku da dangi? Ba ku yin baƙi?”

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, “Muna da su. Saboda su aka yi ta haka.”

Na duba fuskarsa ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Wato akwai ƙasar da ake zama a ƙera mota musamman don kada a ɗauki gwaggon mutum. Na tuna Baba da zamansa na baya. Amma babu wata mota da kuɗinmu zai kai, kuma buɗe lakwal ya matso. Na ce a raina, mu kai ta gida tukuna, sauran magana a yi ta a can.

Yaya Ila ba shi da amfani a wannan rana. Tun da aka buɗe masa injin ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai muke gani, yana ta cewa “Allah mai iko.” Kawu kuwa ya naɗe hannun riga. Ya daddaki tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa gefenta da tafin hannu yana neman tabo. Ya shinshina bayanta. Ya sa aka tuƙa ta zuwa bakin hanya yana tsugune yana kallon yadda take tafiya daga baya, aka juyo da ita yana kallo daga gaba. Ya ce ba ta ɗingishi.

Ciniki ya ba shi haushi. Baturen ya faɗi kuɗinsa, Kawu ya taya ƙasa sosai kamar yadda ake yi, yana jiran a ce albarka a fara ja. Baturen bai ce albarka ba. Cewa ya yi ko za mu sha shayi. Kawu ya juya wajen Alhaji Sule ya ce, “Shin mutumin ga yana son sayarwa kuwa?” Alhaji Sule ya ce su haka suke, magana ɗaya. Kawu ya ce wannan rowa ce, ba ta kuɗi ba, ta baki. Daga ƙarshe dai aka sallama, aka tafa.

Da an tsaya a nan, da yanzu ba na rubuta wannan.

Baturen ne, don jin daɗi, ya ce bari ya nuna mana abin da ya fi so a motar. Ya ɓalle wasu maɓallai biyu a gaba, ya tura rufin baya, rufin ya naɗe kamar laima ya kwanta. Mota ta zama a buɗe. Ya ce in ana rana mai daɗi a sauke, in ruwa ya zo a ɗaga. Ya nuna ma inda ake kwance shi gaba ɗaya in ana so. Ni har na tafa.

Kawu bai tafa ba. Ya ce, “Ashe cirewa ake yi.”

Baturen ya ce, “Ƙwarai.”

“To a cire. A ba mai shi kayansa.”

Na ce, “Kawu, na motar ne.”

Ya ce, “Abin da ake ɗorawa a sauke ba jikin dabba ba ne. Sirdi ne. Na taɓa sayen doki na tafi da sirdin mutum? Mai doki yana kwance ragamarsa, ya sauke sirdinsa, ya miƙa maka dabba tsirara. In ka tafi da su, ka tafi da arzikin gidansa, ka kuma kwaso abin da ke damun gidan.”

Baturen ya ce, “Kyauta ne. Yana cikin kuɗin. Don Allah ku ɗauka.”

Wannan ya ƙara ɓata abin. Kawu ya ja ni gefe. “Kin ji? Mutumin da ya ƙi rage ko anini, yanzu yana roƙo a ɗauki kyauta. Dubi idonsa. A ƙarƙashin inuwar ga ya zauna har ya zama haka. Ita za ki ɗora a kanki kullum?”

“Sauro ne ya cije shi, Kawu.”

“Mu sauro bai cije mu ba?”

Na ce, “To taya ma ana cirewa. Ga ma wata a ɗaure a baya. A bar masa?”

“Wannan ƙafa ce.”

“Damina ce fa.”

“Ruwa ya dake ni a kan doki tun ba a auri uwarki ba. Ga ni.”

Na nemi Yaya Ila da ido. Ya ce shi dai injin lafiya lau yake. Na nemi Alhaji Sule, ya ce shi la'adarsa ba ta shafi rufi ba. Baturen ya matso kusa da ni, da alama ya ga ni ce mai karatu, ya gwada ɗan Faransancin da ya iya, ya ce in bayyana masa. Na ce al'ada ce. Ya ce ta wa? Na ce ta dawaki. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya koma ga Kawu ya ce, “Me zan yi da shi? Jirgin ruwa zan shiga.”

Kawu ya ce, “Ka rataye shi inda kake rataye na sauran.”

Na ɗaga murya, na yarda. Na faɗi abubuwan da ba a faɗa wa yayan uwa. Kawu ya bari na gama, ya ɗauki jakarsa ya rataya. Ya ce, “Kuɗin a hannuna ubanki ya sa su. Ko rufi ya zauna, ko duk motar ta zauna. Zaɓi.”

Na tuna ajin Jiratawa. Na ce, “A cire.”

Yaya Ila ya kwance shi kamar mai yi wa gawa wanka. Kukun ya ɗauka ya jingine a baranda, yana waiwayenmu. Kawu ya fito da sabuwar igiyarsa ya ɗaura a ƙarfen gaba, ya yi bismilla, ya ja motar taku kaɗan da hannunsa zuwa wajen gidan. Sannan ya ce yanzu ta zama tamu.

Sai maganar zama. Mu uku, kujera biyu. Babba shi ke da kujera, don haka Kawu ya shiga. Gwiwoyinsa suka zo haɓarsa. Wata akuya ta zo wucewa suka haɗa ido. Ya fito nan da nan, ya ce shi ba ya tafiya a ƙasa da akuya. Ya hau bayan motar, daidai inda rufin yake kwanciya da, ya zuro ƙafafunsa ta tsakanin kujerunmu, ya kwanto igiyar ya ɗaura a jikin kujeru ya riƙe kamar linzami. Ya ce, “Kin gani? Da mun taho da shi, ina zan zauna?” Na shiga kujerata. Har yanzu tambayar nan tana ci mini rai.

Zan faɗi gaskiya ɗaya. Daga Kano zuwa Katsina, da Yaya Ila ya sake ta, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Iska ta fizge kallabina ta tafi da shi, ban ce a tsaya ba. Ƙasa tana gudu dab da gwiwar hannuna. Na ji ina dariya ni kaɗai. Kawu yana sama da malfarsa ɗaure a haɓa, babbar rigarsa ta cika da iska, yana ta cewa a ja mata baki.

Bayan Katsina hadari ya taso. Babu gari kusa, babu inda za a fake. Ruwa ya sauko, motar ta fara cika kamar ƙwarya. Ya kai idon sawu, ya wuce. Na ɗaga kai na dubi Kawu. Yana ƙarƙashin malfarsa, fuskarsa a bushe, yana kallon gaba kamar ba ya cikinmu. A wani ƙauye muka sayi ƙwarya ta gaske na yi ta kwarfar ruwa ina zubarwa, mata suna tsaye a ƙofar gida suna tambayar ko kifi muke kamawa. A Jibiya muka kwana gidan wani da Kawu ya taɓa sayar wa goɗiya. Aka tura motar cikin rumfar awaki. Da safe na tarar da kaza a kujerata, ta ƙi tashi.

A Ɗan Isa mutumin Dahomai ya fito da murmushi, ya ga motar, murmushin ya tafi. Ya zagaya ta, ya nuna ramukan maɓallan. Ya ce, “Madmazel, ina sauran?”

Na ce mun baro shi a Kano.

Ya ce ya san wannan dabara. Masu atamfa ma haka suke yi, su wuce ta gabansa hannu sake, kaya su bi ta daji a kan jaki. Ya tura mai gadi ya bi hanyar jakuna ya nemo rufin mota. Muka zauna. Wannan karon ba a kawo kujera ba. Na bayyana masa maganar sirdi da ragama da Faransanci mafi kyau da na iya, kuma ina jin kaina yadda maganar take ƙara zama ta mahaukata. Sai bayan azahar mai gadin ya dawo da ƙaya a wando, babu rufi.

Ya cire tabarau ya ce, “Kin yi karatu. Kin yarda da wannan?”

Na ce, “Ban yarda ba. Amma ni na ce a cire.”

Ya buga hatimi ya ce mu tafi kafin kansa ya yi ciwo.

Daga nan wata sabuwa. Mun dawo hannun dama, amma sitiyarin motar Ingila a dama yake. Yaya Ila ya koma can gefen daji, ni ce a tsakiyar hanya, ni ke fuskantar kowane kamyo. In yana son ya wuce amalanke sai ya ce, “Habsu, akwai abu?” in ce babu, ko in ce akwai. Haka muka taho, shi da ƙafa da hannu, ni da ido.

Dab da Jiratawa motar ta kafe, cikinta ya zauna a taɓo. Tayoyi suna juyawa, ba ta motsi. Manoma suka fito daga cikin gero, suka dube ta, suka dubi Kawu a sama. Ba su tura ba. Kewaye ta suka yi suka ɗaga ta cak, da Kawu a kai, suka ajiye a kan tudu. Wani dattijo cikinsu, Ɗan Baiwa, daga gidajen Anna na bakin gulbi, waɗanda ba su musulunta ba, ya goge hannu a cinya ya ce, “Ke ce malamar da aka ce za a kawo?”

Na ce ni ce.

Ya ja ni ya nuna mini ajin. Sun yi masa sabuwar jinka, sun share gabansa. Ya ce, “Na ba da ɗiyana mata biyu a sa su a ajin nan. Duk gidanmu sun ce na haukace, wai ƴar birni ba za ta zo ba. Za ki zo?”

Na ce zan zo. Ban san da wace ƙafa zan zo ba.

Mun shiga Maraɗi da la'asar, rabin gari na biye da mu. Baba yana ƙofar gida a kujerarsa, ya sa rigar Juma'a, ya tara abokansa ƴan gyaɗa su ga motarsa. Kawu ya sauko ya miƙa masa igiyar. Baba ya riƙe ta bai san abin da zai yi da ita ba. Ya zagaya motar a hankali.

Ya ce, “Ina zan zauna?”

Kawu ya daki inda ya sauko. “Nan. Ana ganin ko'ina.”

Wani cikin abokan ya yi tari. Yaya Ila, don ya gyara, ya nuna kujerata ya ce, “Ko nan, Baba.”

Ya ƙara ɓatawa. Yaya Ila ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa cin abinci a akushi ɗaya ba, sai a ce ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a tsakiyar kasuwa, babu ko rufin da zai suturta su. Baba bai ko dubi kujerar ba. Ya ce, “Ina rufin?”

Kawu ya bayyana. Na jira Baba ya fashe. Sai ya gyaɗa kai ya ce, “Wannan kam daidai ne.” A duk abin da ya faru, abin da ya yarda da shi ke nan. Sannan ya ce a kai ta turken dokinsa da ya mutu bara, ya shige gida.

Na bi shi. Na ce, “Baba, maganar Jiratawa fa?”

Ya ce, “Da an fara awon gyaɗa wancan zai koma kamyo.” Yana nufin Yaya Ila.

“Direban da aka ce za a ɗauka?”

“Ki zauna jikin ƙaton da ba muharraminki ba, a buɗe, daga nan har Jiratawa?”

“To ka hana ni ke nan.”

“Ni ban hana ki ba. Na ce ki kwana gida.”

“Da mi zan je?”

“Ga mota can kun sayo.”

“Wa zai tuƙa?”

Ya ɗauki buta. Ya ce, “Ke kika yi karatu.”

Na tambayi Inna ko wannan i ne ko a'a. Ta ce ubana ne, in na gane shi in zo in faɗa mata. Na je Tibiri na tambayi Kawu, ya ce shi an aike shi saye, ya saya. Motar tana nan a turke, an rufa mata tabarma. Ban san ko ta Baba ce, ko tawa, ko ta kaji ba.

Na gaji da tambaya. Tun da ba wanda zai ce mini i, ba kuma wanda ya ce a'a, na ɗauka i ne. Na kama Yaya Ila na ce kafin a buɗe awo sai ya koya mini, kullum da safe a filin bayan ma'ajin gyaɗa. Ya ce Baba zai kashe shi, na ce Baba ko sunansa ba ya kira. Ranar Litinin zan je ofishin kumandan in nemi farmi, takardar tuƙi. In suka ce ba a ba mace, su buɗe littafin dokarsu su nuna mini layin. Na iya karatu.